Wa Ke Iza Wutar? Tunani a Kan Adon Tururi Daga Bakin Komadugu

Ƴan'uwa ɗalibai, wannan rubutu ya samo asali ne daga wata gardama da ta ɓarke a ƙungiyarmu kan hoton da za a sa a bangon ɗan littafin nan. Abokinmu mai yi mana zane ya kawo wani hoto da ya kwana uku yana yi da bik. A ciki ga wani ƙaton jirgin balan-balan yana shawagi bisa Komadugu, jikinsa duk bututu da ƙusoshi da ƙarafa masu haƙora irin na cikin agogo, hayaƙi na tashi ta bayansa. A gaban jirgin wani mutum ne tsaye da doguwar hula da tabarau irin na masu walda, ya riƙe madubin hangen nesa yana leƙen ƙasa. Wallahi hoton ya yi kyau. Rabinmu suka ce a buga shi haka nan. Ni da wasu muka ce a dakata, amma da aka tambaye ni dalili sai na kasa faɗa. Abin ya tsaya mini a rai har na tafi hutu gida Assaga, kuma a can ne na samo bakin zaren.

Tambayar da nake so mu duba tare ita ce: ya halatta mutum ya yi ado da kayan zamanin da ya taka kakanninsa? In ya halatta, da wane sharaɗi?

Mene ne wannan salo?

Sunansa a Turancin Ingilishi steampunk, mu ce sitimfank a bakinmu. Kalmar farko tururi take nufi, ta biyu kuma tana nufin ɗan tawaye, wanda ba ya bin tsarin manya. Ni a nan zan riƙa kiransa adon tururi. Wani marubucin Amurka, K. W. Jeter, shi ya raɗa sunan a 1987 cikin wata wasiƙa da ya aika wa mujallar Locus, da sigar raha, yana neman abin da za a kira irin labaran da shi da abokansa Tim Powers da James Blaylock suke rubutawa. Labarai ne da ake ginawa a zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, amma a cusa musu injunan da ba a taɓa yi ba a lokacin: kwamfuta mai aiki da tururi, mutum-mutumin tagulla, jiragen sama masu kama da kifi.

A 1990 William Gibson da Bruce Sterling suka fitar da littafin The Difference Engine, inda suka ƙaddara cewa injin lissafin da Charles Babbage ya tsara ya yi aiki tun a ƙarni na 19, duniya ta shiga zamanin kwamfuta shekara ɗari kafin lokaci. Daga littattafai abin ya tsallaka zuwa fim. Da yawanmu mun ga Wild Wild West na 1999 a gidan kallo, mai ƙaton gizo-gizon ƙarfe, ko Steamboy na Japan na 2004. Daga nan ya shiga ɗinki da zane da ƙirar kayan ɗaki. Mutane na yin taro su sa tufafin da, su manna ƙarafan agogo a hula da takalmi. A birnin Nantes na Faransa, tun 2007 akwai giwar katako da ƙarfe mai tsayin mita 12 da ke tafiya da mutane a bayanta tana fesa ruwa da hanci.

Masu wannan salo suna ɗaukar Jules Verne da H. G. Wells a matsayin kakanni. To a nan ne abin ya fara matso mu, domin Verne ya taɓa biyowa ta kanmu, a takarda dai. Littafinsa na 1863, Cinq semaines en ballon, labarin mutanen Birtaniya uku ne da suka taso daga Zanzibar cikin balan-balan mai suna Biktoriya, suka ratsa Afirka har kogin Senegal. Sun bi ta saman Tafkin Chadi, sun hango Kukawa, tsuntsaye suka yaga musu balan-balan, har baran cikinsu ya faɗa tafkin don a rage nauyi. Verne bai taɓa taka ƙasar nan ba, rahoton su Barth ya karanta. Wanda ya karanta littafin ya san yadda aka siffanta mutanen ƙasa a ciki: taron jahilai masu ihu, wasu na harbin jirgin, wasu na yi masa sujada. Mutumin da abokinmu ya zana da madubin hangen nesa jikan waɗannan ukun ne. Mu kuwa, ko mun so ko mun ƙi, mu ne na ƙasa.

Da uku

Ku yi mini haƙuri in ɗan shigo da karatunmu na kimiyyar harshe. A rubutun Hausa na yau da kullum akwai kalmomi uku da ake rubutawa iri ɗaya, d da a, alhali kunne ya san sun bambanta. Akwai dâ mai dogon wasali da karin sautin faɗau, wadda ke nufin zamanin baya: mutanen dâ. Akwai dā mai dogon wasali da sautin ƙasa, ta ƙaddarawa: dā na sani, dā ban zo ba. Sai kuma da gajeriya, mai haɗa abu da abu: ni da kai, tuwo da miya.

Adon tururi auren na farko da ta biyu ne. Ana ɗauko dâ, a shafa mata dā a ce. Dā a ce injin Babbage ya yi aiki, dā a ce ba a gano fetur ba, dā a ce jiragen balan-balan ne suka ci sararin sama. Abin da na lura shi ne sau da yawa ana mance ta ukun, ƴar gajeriyar nan da ba a jin ta sosai a magana. Da wa aka yi? Da gumin wa, da itacen wa, da ƙasar wa?

Ban kai ga wannan tunani da kaina ba. Kawuna ne ya kai ni.

Kawu da injinsa

Kawuna manomin tattasai ne, kuma shi ne mai gyaran injin ban ruwa, wanda wasu ke kira motopom, a ɓangarenmu. Bai yi lakwal ba. Wata ranar da yamma na same shi ya baje wani inji bisa buhu, ya jera kayan cikinsa ɗaya bayan ɗaya, yana wanke kabreta da esansi a gwangwanin tumatir. Na zauna, na nuna masa hoton abokinmu a waya. Da Barbarci muka yi maganar, ga ta nan na juyo ta.

Ya daɗe yana kallo, yana ja da yatsa yana ƙara girman hoton. Sai ya ce, "Wannan ƙarfen mai haƙora, me yake juyawa?"

Na ce, "Kawu, ado ne kawai."

Ya ce, "To ai ba ya taɓa na kusa da shi. Haƙori in bai ciji haƙori ba, ba abin da zai motsa." Ya sake dubawa. "Ga hayaƙi yana fita. Wa ke iza wutar?"

Na ce ba a zana shi ba.

Ya miƙo mini wayar, ya ce, "Mai hular nan dai ba shi ba ne, dubi hannunsa fes." Ya koma kan kabretarsa.

Tambayoyi biyu ke nan daga mutumin da bai taɓa jin sunan Verne ba, kuma su ne dukan abin da na kasa faɗa a taronmu.

Tururin da ya zo mana da gaske

Injin tururi ba tatsuniya ba ne a yankin nan, ya zo da ƙafarsa, ko in ce da ƙafafun wasu. A 1897 wani hafsan Faransa, Émile Gentil, ya shigo Tafkin Chadi ta kogin Shari da wani ƙaramin jirgin ruwa mai tururi mai suna Léon Blot. Jirgin nan bai san hanyar tafkin da kansa ba. Kwance shi aka yi gunduwa-gunduwa, ƴan dako suka ɗauko shi a ka ta cikin dazuzzukan da ke tsakanin kogin Ubangi da Shari, aka sake ɗaure shi. Sunan jirgin ya shiga littattafai, sunan hafsan ya shiga, har da gari aka sa wa sunansa a Gabon. Waɗanda wuyansu ya ɗauki tukunyar tururin, ba wanda ya rubuta sunansu. Shekara uku bayan haka, ran 22 ga Afrilu 1900, rundunonin Faransa uku suka haɗu a Kusiri aka kashe Rabeh. Ɗaya daga cikin rundunonin ita ce ragowar ta Voulet da Chanoine, wadda a 1899 ta bi ta ƙasar Hausa tana ƙona garuruwa, ta yi kisan Birnin Konni, ta yaƙi Sarauniya Mangu a Lugu.

A tsallaken iyaka, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930. Da aikin tilas aka shimfiɗa babban ɓangaren hanyar Baro zuwa Kano, sarakuna na tara wa Turawa majiya ƙarfi. Kwal ɗin da jiragen ke ci daga ramukan Inugu yake fitowa, inda ran 18 ga Nuwamba 1949 ƴan sanda suka harbe masu haƙa 21 da ke yajin aiki. A ɓangarenmu na mulkin Faransa, sai a 1946 doka ta soke aikin tilas. Wannan fa zamanin kakanninmu ne na kusa, waɗanda wasunmu suka tarar da rai.

Ko giwar Nantes da na ambata, a tsohon filin ƙera jiragen ruwa take yawo, a birnin da ya fi kowane birnin Faransa tura jiragen cinikin bayi a ƙarni na 18. Birnin da kansa ya amsa wannan, ya buɗe wurin tunawa da soke bauta a 2012, a bakin kogin nan guda.

Harshenmu ma ya riƙe shaida. Muna tambaya "ƙarfe nawa?" saboda akwai lokacin da ƙarfe ake bugawa a sanar da sa'a, a bariki da wurin aiki. Lebura, tangaraho, inji, reluwe, duk baƙi ne da suka shigo tare da wancan zamani. Kalmar jirgi kuwa tamu ce, ta kwalekwale, muka ara wa na ƙasa da na sama. Ke nan wanda ya zana agogon tagulla don ado, ya zana abin da aka riƙa auna gumin wani da shi.

Abin da abokan gardamata suka ce

Ba zan yi musu rashin adalci ba, hujjojinsu na da nauyi.

Na farko suka ce: wasa ne fa, zane ne, ba littafin tarihi ba. In kowane abu mai kyau sai an rataya masa laifin da ke bayansa, to ba sauran kyau a duniya. Dalar Masar ma ai ba da hira aka gina ta ba. Akwai gaskiya a nan. Mutum na da haƙƙin ya kalli tagulla mai sheƙi ya ji daɗi ba tare da ya nemi gafara ba. Ni ma ba na son fasahar da ta zama wa'azi zalla.

Amma akwai bambanci tsakanin wanda bai ambaci abu ba da wanda ya share shi. Hoton abokinmu yana da hayaƙi, wato yana da wuta, wato akwai mai iza ta. An zana sakamakon aikinsa, an cire shi. Kuma an ɗora jirgin bisa koginmu, an ba mai kallo idon mutumin sama. Da wani yaro a Landan ne ya zana, sai in ce bai sani ba. Mu da muka fito daga ƙasan hoton, in muka zana shi haka, mun koya wa ƙannenmu su kalli garinsu da idon baƙo. Wannan ya wuce wasa.

Na biyu, wata ƴar'uwa a cikinmu ta ce: to mu mayar da shi namu mana. A cire Bature, a sa Mai na Borno da rawani a gaban jirgin. Wannan shawara ta burge ni, kuma tarihi ya ba ta wurin tsayawa. Birnin Gazargamu, a bakin wannan Komadugu tamu, babban birnin daula ne tun ƙarni na 15 har faɗuwarsa a 1808, da gine-ginen jan bulo. Mai Idris Alauma ya samo bindigogi da masu koyar da harbi daga Turkawa a ƙarni na 16. A 1870 Gustav Nachtigal ya kawo wa Shehu Umar a Kukawa kyaututtukan Sarkin Furusiya, har da agogo da bindigogi. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya sa an ƙera igwa a cikin Zinder. Dā a ce maƙeran Tanimun sun samu tukunyar tururi, me zai faru? Wannan labari ne da nake so wani a cikinmu ya rubuta. Wasu sun riga sun gwada irinsa a wani wuri: Nisi Shawl, a littafin Everfair na 2016, an ƙaddara cewa mutanen Kwango sun mallaki fasahar tururi sun tsaya wa Sarki Leopold. A Hausa ma ƙagen kimiyya ba sabo ba ne, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969.

Sai dai tambayar kawu ba ta san launin fata ba. In Mai ne a gaban jirgin, wa ke iza wutar? Mun sani, ko da ba ma son faɗa a taro, cewa Borno da Damagaram sun yi arziki da bayi, sun kai hari sun kamo mutane, sun tura su ta hanyar Bilma zuwa Fezzan. Igwar Tanimun ba tsuntsaye aka ƙera ta ta kora ba. Canza hular mutumin gaba da rawani bai fito da na bayan ba. In za mu yi dā a ce da tarihinmu, sai mu yi ta da gaskiyar da muke nema daga Turawa, in ba haka ba mun zama masu auna wa wasu da babban mudu, mu auna wa kanmu da ƙarami.

Na uku, wani ustazu a cikinmu ya ce duk wannan ɓata lokaci ne, har ma da haɗari, domin ya zo a hadisi cewa kalmar "dā" tana buɗe ƙofar aikin shaiɗan. Gaskiya ne hadisin yana nan. Amma malamai sun bambanta dā ta mai jayayya da ƙaddara, wanda ke cizon yatsa kan abin da ya wuce, da dā ta mai koyarwa ko mai fatan alheri. Bahaushe ma ya ce dā na sani ƙeya ce, a baya take. To akwai dā mai kallon ƙeya, akwai mai kallon goshi. Wanda ya ce dā Turawa ba su zo ba da yanzu mu ne Amurka, ya kwanta ya yi barci, wannan ƙeyarsa yake kallo. Wanda ya ce dā an yi kaza da ba a kai nan ba, don ya gane cewa abin da ya faru zaɓin mutane ne kuma gobe ma zaɓi ce, wannan tunani yake yi. Ɗalibin da ba ya iya ƙaddara wata duniya dabam, ba zai iya gyara wannan ba.

Abin da ke da kyau a cikin salon

Kada a ce na zo yin suka kawai. Akwai wani abu a zuciyar adon tururi da nake girmamawa. Masu yin sa da gaske sun gaji da kayan zamani da aka rufe ruf. Dubi wayar da ke hannunka: baƙin gilashi ne sumul, ba ka ganin abin da ke motsi a ciki, in ta lalace sau da yawa sai dai a sake wata. Injin tururi kuwa cikinsa a waje yake. Kana ganin sanda na tura ƙafa, kana ganin inda ruwa ke shiga da inda tururi ke fita. Wanda ya kalle shi da kyau zai iya fahimtarsa, wanda ya fahimce shi zai iya gyara shi, wanda ke iya gyara abu kuwa shi ne mai shi na haƙiƙa. Wannan ne ɓangaren tawayen da ke cikin sunan: ƙin yarda a mayar da kai mai saye kawai.

To wannan ɗabi'a, mu ba a littafi muka karanta ta ba. Wanda ya shiga kasuwar Katako a Yamai ya ga yadda ake narka gwangwani a zuba tukunya, a mayar da tsohuwar ganga akwati ko murhu. Haka Panteka a Kaduna. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur, labarinsa ya zaga duniya. A kwarin Komadugu kuma, tun da injin ban ruwa ya karɓi aikin jigo, kowane gari na da irin kawuna, mai yanka robar taya ya yi wa inji abin toshe yoyo, mai ɗaure tiyo da tsohon tib, mai jin ciwon inji ta kukansa tun daga nesa.

Bayan hare-haren Fabrairun 2015 a Bosso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawa babur, aka taƙaita sayen mai da takin zamani, cinikin tattasai da na kifi suka tsaya na wani lokaci. A shekarar nan mutanen Assaga suka bar bakin kogi suka koma bakin kwalta, cikin bukkokin zana da leda. Ina yaro lokacin, amma na tuna abin da kawu ya fara ɗauka: injin ne, kafin katifa. Watanni yana ajiye ba ruwan da zai ja, amma lokaci-lokaci sai ya kwance shi ya shafa masa mai ya mayar. A idona wannan inji ya fi giwar Nantes daraja.

Amma nan ma akwai rami, kuma na faɗa ciki. Na ce wa kawu, cikin zumuɗin ɗan jami'a, cewa a Turai mutane na biyan kuɗi don su mallaki abu mai kama da injinsa, duk faci da waya. Ya yi dariya har ya ajiye sifana. Ya ce, "Ɗana, ka kawo mini mai aiki da hasken rana sabo dal, ka ɗauki wannan ka kai musu su rataye a ɗaki." Na ji kunya. Ashe ni ma na fara yin abin da nake zargin wasu da shi: na mayar da wahalarsa ado. Facin da ke jikin injin hikima ce, haka ne, amma kuma rashi ne. Bai zaɓi tsohon inji don yana son kamanninsa ba. Ɗan birnin da ya zo ya ɗauki hoton tsatsa ya ce ta yi kyau, ya koma inda wuta ba ta ɗaukewa, bai fi mai madubin hangen nesa da komai ba.

Inda na tsaya

Amsata ga tambayar farko ita ce e, ya halatta. Tarihin injuna na ƴan Adam ne duka, kuma kakanninmu sun biya kuɗin shiga da wuyansu, ba wanda zai hana mu wasa da shi. Amma ina ganin sharaɗi biyu, kuma duka daga bakin kawu na ɗauko su.

Na ɗaya, haƙori ya ciji haƙori. In ka zana inji, ka san abin da yake yi da wanda yake yi wa. Ƙarfen da aka manna don ƙawa kawai ƙaramar ƙarya ce, kuma mai sabawa da ƙananan ƙarairayi a zane zai saba da manya a rubutu. Wannan ya shafe mu masu alƙalami kai tsaye: kalmar Faransanci ko ta Larabci da muke cusawa a rubutu don a ce mun yi karatu, alhali ba ta juya komai a cikin jimlar, ita ma ƙarfen ado ce.

Na biyu, a nuna mai iza wutar, a ba shi fuska, kuma in da hali a tambaye shi ra'ayinsa. Wannan bai tsaya ga zamanin tururi ba. Wayar da na nuna wa kawu hoton da ita tana da batir, batirin na buƙatar ma'adinin kobal, mafi yawan kobal ɗin duniya kuma daga Kwango ake haƙo shi. Yuraniyom ɗin Arlit ya shekara da shekaru yana haska biranen wasu. Man Agadem, a jiharmu ta Diffa, yana bin bututu na kusan kilomita 2000 zuwa gaɓar teku a Benin. Wata rana jikokin wani za su yi ado da kayan zamaninmu, su ce kai, mutanen dâ sun iya ƙira. Ina fata a samu mai tambayarsu da wa aka yi.

Da na dawo daga hutu na kai wa abokinmu tambayoyin nan biyu. Ya ɓata rai kwana ɗaya, washegari ya karɓi takardarsa ya tafi. Ku juya bangon littafin nan ku duba abin da ya dawo da shi. Jirgin na nan, amma ya sauko ƙasa-ƙasa, an zuro tiyo daga cikinsa zuwa kogi, wani tiyon kuma na zuba ruwa a fadamar tattasai. Ƙarafan sun ciji juna, ya ce sai da ya je wurin mai gyaran agogo a kasuwa ya kalli yadda suke zama. Mai doguwar hula ya tafi. A bakin tukunyar akwai mutum biyu, namiji da mace, ɗaya na iza wuta ɗaya na riƙe da akalar jirgin, kuma ya ce karɓa-karɓa suke yi. Injin fotokopi ya ɗan cinye fuskokinsu da baƙi, kun san halinsa, amma in kuka kai takardar wurin haske za ku gan su.

Har yanzu akwai mutum biyu a ƙungiyar da ke cewa hoton farko ya fi kyau, kuma ban rantse sun yi kuskure ba. Wanda ke da amsa a cikinku, shafin fitowa ta gaba a buɗe yake. Allah ya sa mu dace.